Malam Kadri da Injinan Burodi Biyu

A wani tsohon bene da ke unguwar Mount Hope a Bronx, cikin birnin New York, in baƙo ya zo ya ce yana neman Malam Kadri direba, sai mutane su tsaya suna kallon juna. Amma in ya ce Kadri Mai Burodi, ko tsofaffin 'yan Dominika da ke zama a bakin ƙofa za su nuna masa hawa na huɗu, ƙofar da ke ƙarshen baranda.

Mutumin Maraɗi ne. Yana da shekara goma sha tara ya kama aiki a gidan burodin wani ɗan Togo da ke bayan babbar kasuwa, ya yi shekara goma sha huɗu a ciki. A lokacin babu injin kwaɓi a gidan. Kwami ne na katako, tsawonsa ya kai na mutum a kwance, su huɗu za su jera su juye buhun fulawa su yi ta kokawa da shi har ya yi laushi. A nan ya koyi sanin kwaɓi da kunne. Yakan ce kwaɓin da ya isa yana yin ɗan tsaki idan an ɗaga shi an mayar, wanda bai isa ba kuwa shiru yake yi kamar mai fushi. Da gidan burodin ya rufe, ya koyi tuƙi, ya yi wasu shekaru yana jan mota tsakanin Maraɗi da Kano. Daga nan wani kawunsa da ke aiki a wani ofishin ƙasa da ƙasa a Manhattan ya jawo shi New York ya zama direbansa. Kawun ya gama wa'adinsa ya koma gida, Kadri ya zauna. Ya koma raba kaya ga wani shagon 'yan Afirka da ke titin 116 a Harlem, shinkafa da manja da busasshen kifi, yau Brooklyn gobe Bronx, har ƙarfinsa ya fara raguwa ya ajiye makulli.

Matarsa Aïchatou, wadda shi kaɗai yake kira Indo, ta biyo shi bayan shekara biyar, riƙe da hannun autarsu Najat mai shekara shida. Yayyen Najat biyu sun riga sun girma, suka zauna a Nijar. Najat ta tashi a Bronx, ta zama nas, ta auri wani Bakano mai suna Jibrin da ke kula da kwamfutoci a wata jami'a, suka kama gida can Stapleton a Staten Island.

Duk tsawon shekarun nan Kadri bai bar burodi ba. Kowace Lahadi da hantsi zai share teburin kicin, ya naɗe hannun riga, ya kwaɓa fulawa ya yi dogon burodi mai ɓawo irin wanda aka saba ci a Maraɗi. Obin ɗin gidan haya bai kai tanderun da ya sani zafi ba, sai ya ƙirƙiro dabara: ya sa faranti da ruwa a ƙasa don tururi, ya jera fale-falen tayil guda huɗu a kan waya don su riƙe zafi. Ƙamshin yakan sauka har hawa na biyu. Ta haka sunan ya bi shi.

Shekara uku da suka wuce likita ya gaya wa Aïchatou tana da ciwon suga, ya hana ta farin burodi. Najat ta kawo mata na alkama daga kanti, kala uku. Ta ɗanɗana kowanne ta ture.

"Wannan ai kek ne aka shafa wa ƙasa," in ji ta. "Ko gishirin kirki babu."

Ta kwana biyu tana shan shayi ba komai a gefe. Kadri ya sauka Harlem ya sayo garin alkama, ya yi ta gwaji har ya samo wanda ta ci ta nemi ƙari: alkama zalla, ruwa, gishiri, yis, da cokali ɗaya na man zaitun. Daga Lahadi kaɗai, burodi ya koma sau uku a mako. Garin alkama kuwa ba kamar farar fulawa ba ne, nauyi gare shi, yana shan ruwa, yana son hannu mai ƙarfi.

Hannun ne ya fara ba shi kunya. Sanyin ƙashi ya kama masa gaɓoɓin yatsu, babban yatsan dama ya kumbura ya karkace. Ya ɓoye na wasu watanni, yana jiƙa hannun a ruwan ɗumi kafin ya fara. Wata Talata da safe Aïchatou ta fito daga ɗaki ta same shi zaune a kujerar kicin, hannuwansa a kan cinya, gari ya bushe a jikinsu, kwaɓin yana kwance a tebur rabi a haɗe rabi a warwatse.

"Malam, lahiya?"

"Lahiya lau. Hutawa nike."

Ta dube shi, ta dubi teburin. Ta wanke hannu ta ƙarasa kwaɓin yadda ta iya, shi kuma yana zaune yana kallon taga. Burodin ya fito a daskare kamar bulo. Suka jiƙa shi a shayi suka ci, babu wanda ya ɗaga kai.

Aïchatou ce ta gaya wa Najat ta waya. Ranar Asabar sai ga Najat da wayarta cike da hotuna.

"Baba, akwai injin da yake yin komai. Ka zuba kaya, ka danna, ka je ka zauna. Bayan awa uku burodi ya fito."

"Shi injin ya san ranar da iska ke da laima da ranar da ta bushe?"

"Baba, mutane dubu nawa suke amfani da shi."

"Mutane dubu nawa ne ke cin wancan da uwarki ta ture?"

Najat ta yi dariya, amma ba ta janye ba. Taurin kai a wurinsa ta gado shi. Ta ce ta karanta ra'ayoyin masu saye har idonta ya gaji, ta tace ta rage guda biyu. Na farko ƙarami ne, gwangwaninsa a tsaye kamar guga, da ɗan ƙarfe ɗaya a ƙasa mai juya kwaɓi. Na biyu dogo ne, ya fi tsada, gwangwaninsa a kwance kamar na burodin kanti, ƙarafan juyi biyu, ga kuma wuta a murfi don saman burodi ya gasu. Kadri ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana duban ƙarafan nan.

"Wannan ita ce muciyar?"

"Ita ce."

"Wannan 'yar abar za ta yi aikin hannu biyu?" Ya mayar mata da wayar. "Bon. Ni ban taɓa ɗaukar ma'aikaci daga hoto ba. In za ku kawo mini wanda zai kwaɓa mini, sai na ga aikinsa tukuna."

Ya faɗi haka ne don a bar maganar. Bai san Hajiya Hasiya ta hawa na uku tana da irin ƙaramin ba. Ita 'yar zangon Kumasi ce, tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, kuma da injin take yi wa jikokinta burodi mai suga irin na Gana. Da Aïchatou ta yi mata zancen a wurin wanki, ta ce su ɗauka su riƙe mako guda. Shi kuma Jibrin ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya har ya samu wata da ke da dogon, ta ara masa. Ya naɗe shi da bargo, ya saka a akwatin tafiya mai taya, ya jawo shi daga Stapleton: jirgin ruwa zuwa Manhattan, jirgin ƙasa zuwa Bronx, sannan matakala hawa huɗu, don lif ɗin ginin ya tsaya a ranar. Ya iso yana haki, ya durƙusa ya gaida surukinsa. Kadri ya dubi akwatin, ya dubi gumin da ke goshin Jibrin, ya san ba shi da sauran mafita.

Aka jera injinan biyu a teburin cin abinci. Hajiya Hasiya ta hauro don ta ga yadda nata zai kaya. Kadri ya ce gari ɗaya, ruwa ɗaya, gishiri ɗaya, kada a ce an yi son kai. Rigima ta farko ta tashi tun kafin a kunna komai, da Najat ta karanta littafin injin ta ce ruwa ake fara zubawa, sannan gari, yis a can sama, kada ya taɓa gishiri.

"Shekara hamsin ina fara zuba gari," in ji Kadri.

"Baba, haka littafin ya ce."

"Wanda ya rubuta shi ya taɓa tsayawa gaban tanderu?"

Amma ya bi. Aka kunna. Aïchatou ta jona butar shayi don baƙi, nan take wutar kicin da ta falo ta ɗauke, sai da Jibrin ya je ya ɗaga makunnin da ke bayan ƙofa. Daga nan aka haƙura da shayi.

Ƙaramin injin mai surutu ne. Yana juyi yana gurnani yana girgiza, a hankali ya fara tafiya a kan tebur, har ya kusa kai baki Kadri ya tare shi da gwiwar hannu.

"Haka yake yi," in ji Hajiya Hasiya da Hausarta ta zango. "Ni ina sa masa tawul a ƙasa. Ba shi da mugunta, ƙarfi ne ya yi masa yawa."

Dogon kuwa shiru-shiru yake aikinsa, muciyoyinsa biyu suna miƙa wa juna kwaɓin, wannan ta ja, waccan ta mayar. Kadri ya jawo kujera ya zauna, ya kafa ido a 'yar tagar gilashin da ke murfi. Can ya ɗaga murfin ya dangwala yatsa.

"Baba, an ce kada a buɗe."

"Ƙishirwa yake ji." Ya ɗebo cokali biyu na ruwa ya zuba. Ya koma kan ƙaramin ya taɓa, ya ƙara masa ɗaya. Ya kara kunnensa kusa da gwangwanin dogon, ya daɗe a haka. Tun da ya ɗago, Aïchatou ta lura bai sake tsokanar littafin ba.

Bayan azahar burodi ya fito. Na ƙaramin dogo ne a tsaye kamar hular malafa, samansa fari-fari, gindinsa da rami inda muciya ta zauna. Na dogon ya yi ja ko'ina, ya yi kyan gani, ramukansa biyu. Aka yanka aka zagaya da faranti. Najat da Jibrin suka ce magana ta ƙare, dogon ya ci. Hajiya Hasiya ta ce nata bai saba da alkama ba ne, a gwada shi da suga da bota a gani. Aka juyo ana jiran Kadri. Ya matsa tsokar burodin da yatsa ya ga yadda take dawowa, ya shinshina, ya tauna ɓawon.

"Dukansu burodi ne," ya ce. "Amma ba nawa ba ne. Ku bar mini su zuwa Asabar."

Makon nan ya zama na shi da injinan. Kullum bayan karin kumallo zai ɗaura tsohon zanen da yake sawa a ƙugu ya fara. Ya gano abubuwan da babu mai rubuta su a waya. Gwangwanin dogon nauyi gare shi, sai an kama da hannu biyu an fizgo, kuma muciyoyinsa kan maƙale bayan gashi, yatsunsa ba sa iya zare su sai ya jiƙa su a ruwan zafi. Na ƙaramin yana da mariƙi kamar na bokiti, da hannu ɗaya ake murɗawa a ɗaga. Ƙaramin ya zauna daidai tsakanin firji da wurin wanke-wanke. Dogon kuwa sai an kwashe tukwanen Aïchatou biyu da turminta na daka yaji kafin ya samu wuri. Sai dai idan aka cika wa ƙaramin alkama zalla, yakan yi nishi, ya bar gari a kusurwa, jikinsa ya yi zafi har a ji ƙauri. Kadri yakan tsaya a kansa da cokalin roba yana tura masa garin, yana cewa, "Sannu, sannu, na san nauyinta." Tausayinsa yake ji. Ya ce ya tuna masa da wani abokin aikinsa a Maraɗi, ɗan ƙaramin mutum mai yawan mita, wanda bai taɓa fashin aiki ba.

Ranar Laraba ya kira Najat tana hutun rana a asibiti, ya ce ta duba littafin dogon a wayarta ta karanta masa duk abin da ke jikin maɓallan, ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan na takwas ta ce wannan kwaɓi kawai yake yi, ya bar shi ya tashi, ba ya gasawa.

"Sake faɗi."

"Kwaɓi kawai, Baba. Sai mutum ya cire ya gasa da kansa."

"To me ya hana ki faɗa tun farko?"

A ranar ya bar dogon ya yi kokawar, bayan awa ɗaya da rabi ya juye kwaɓin a tebur. Naɗi ba ya son yatsu, da tafin hannu ake yi, tafin hannunsa kuwa lafiyarsa ƙalau. Ya raba uku, ya naɗe, ya mirgina, ya tsaga bayansu da reza, ya sa farantin ruwansa a obin. Da ƙamshin ya tashi, Aïchatou ta fito daga ɗaki ta tsaya a ƙofar kicin. Ta gutsuri kan burodin tun yana ƙona hannu, ta ci a tsaye.

"Wannan naka ne," ta ce.

Duka injinan suna da wannan maɓalli, don haka zaɓi bai ƙare ba. A kwaɓin alkama dogon ya fi, wannan ko Kadri bai musa ba. Amma ranar Juma'a da ya dawo daga masallaci sai ya kira Aïchatou kicin, ya ce ta zo ta kunna kowanne da kanta yana kallo. Ta yi mamaki, amma ta zo. Ƙaramin maɓallansa huɗu ne, lambobinsa manya, nan da nan ta gane. Dogon yana da ɗan allo mai ƙananan rubutun Turanci, ta sa tabarau ta cire, ta danna nan ya yi ƙara, ta danna can ya koma farko.

"Shi ke nan," in ji Kadri. "Ƙaramin za a saya."

"Don me? Kai da bakinka ka ce ba ya iya alkama."

"Yana iyawa in an taimake shi. Kuma ke kina iya sarrafa shi ke kaɗai."

"Ni kaɗai ina ruwana da shi? Kai ina za ka?"

Ya shiga goge teburin da ba shi da datti. Aïchatou ta daɗe tana kallon bayansa, sannan ta jawo kujera ta zauna.

"Malam, juyo ka dube ni. Wato duk makon nan injin takaba kake zaɓa mini?"

"Indo, shekaruna sittin da takwas. Likita ya ce burodin nan za ki ci har iyakar rayuwa. Dole mutum shi yi tunani."

"Wa ya ba ka takardar cewa kai za ka riga ni? Ni ce mai suga, ba kai ba." Muryarta ba ta tashi ba, sai dai ta riƙe gefen teburin. "Na bar 'ya'yana biyu na biyo ka ƙasar da ban san kowa ba. Ban zo don a koya mini zama ni ɗaya ba. Ka sayi wanda ya iya aikin. Kai za ka riƙa danna shi, har in gaji da ganinka a kicin ɗina."

"Turminki fa? Babu wuri."

"Turmina ya zauna a ƙarƙashin gado a ɗakinmu na farko a Harlem, bai mutu ba."

Kadri ya yi 'yar dariya, ya share ido da bayan hannu, ya ce garin alkama ne ya shiga. Ita ma ba ta ƙaryata shi ba.

Ranar Asabar ya gaya wa Najat dogon za a sayo. Ta tambayi dalili, ya ce muciya biyu ta fi ɗaya. Jibrin ya sake naɗe na aro a bargo ya ja akwatinsa zuwa Staten Island, wannan karon da burodi biyu a sama, ɗaya nasu, ɗaya na mai injin. Kadri da kansa ya sauke wa Hajiya Hasiya nata, ya wanke shi tas, ya yanka masa 'yar tabarmar roba daidai gindinsa don ya daina yawo a tebur. Ya tsaya a ƙofarta yana yi mata bayanin kada ta cika masa gari fiye da kofi uku, kamar mai ba da amanar yaro.

Sabon ya iso bayan kwana huɗu. Tukwanen biyu suka koma saman firji. Jibrin ya samo masa wata 'yar ƙugiya mai kauri da yake zare muciyoyin da ita ba tare da ya wahalar da yatsu ba. Da Najat ta zo ziyara ta ga an ɗiga jan farce a kan maɓalli uku, na kunnawa, na kwaɓi, da na farawa. Ta tambayi wanda ya yi. Uwarta ta ce ita ce, saboda idon Malam ya fara rauni. Kadri yana zaune yana jin su, ya bar ta a haka, ko da yake har gobe yana zura zare a allura ba tabarau.

Yanzu Talata da Alhamis da Lahadi ne ranakun burodi. Yana zuba ruwa kafin gari, yana mita. Yana ɗaga murfi sau biyu ko uku duk da gargaɗin littafin. In kwaɓi ya shiga tashi, sai ya sa hula ya sauka ya taka zuwa babban titin Grand Concourse ya dawo, wai likita ya ce tafiya na da amfani ga gaɓoɓi, kuma ya auna ya ga zuwa da dawowa daidai yake da tashin kwaɓi.

Wata Litinin, ranar da ba ta burodi ba, ya dawo daga kantin magani ya ji injin yana aiki. Ya leƙa ta gilashi ya ga ƙullu mai ruwa-ruwa yana juyawa. Aïchatou tana tsaye a bakin murhu ta ba shi baya, tana soya albasar miyar taushe.

"Indo, mene ne wannan a cikin injina?"

"Funkaso."

Ya ajiye ledar magani, ya wanke hannu, ya ɗaga murfin ya dangwala yatsa ya kai baki.

"Ruwa ya yi yawa kaɗan."

"Funkaso ne, Malam, ba burodi ba. Nan ba ka da ilimi."

Ya rufe murfin. Ya jawo kujera ya zauna kusa da injin, ya ce to zai jira ya ga yadda zai tashi.